Ba Kowace Mantuwa Ce Ta Tsufa Ba

Akwai hukuncin da ake saurin yankewa a gidajen Hausawa duk lokacin da dattijo ya fara maimaita tambaya ɗaya sau uku a zama guda, ko ya ɓace a hanyar masallacin da ya shekara arba'in yana bi, ko tsohuwa ta ɗora tukunya ta manta da ita har ƙauri ya ishi maƙwabta: sai a ce gigin tsufa ne, a yi fatan Allah ya sa a cika da imani, a rufe maganar. Hukuncin yana da daɗin yankewa domin ba ya ɗora wa kowa nauyi, tun da ba a zargin kowa da tsufan wani, kuma ba a sa ran wani zai nemo wa shekaru magani. Sai dai binciken likitoci na shekaru talatin ɗin da suka wuce ya tabbatar da cewa kaso mai yawa na raunin tunanin da ake gani a dattawa yana da tushe a cikin cututtuka masu daɗewa, wato waɗanda ba a rabuwa da su da allura ɗaya ko kwalbar magani ɗaya, sai dai a yi ta lallaɓa su iyakar rayuwa, irin su hawan jini da ciwon sukari da ciwon ƙoda da ciwon zuciya. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ƙwaƙwalwar da ta rikice a shekara saba'in sau da yawa tana biyan bashin hawan jinin da aka yi wa riƙon sakainar kashi ne tun ana shekara arba'in da biyar. Iyalin da suka kira wannan tsufa suka naɗe hannu sun bar abin da ake iya rage masa gudu yana gudu, kuma wani lokaci sun bar abin da ake iya warkarwa gaba ɗaya ya kai mahaifinsu ƙasa.

Iyakar abin da shekaru ke yi

Ba a musun cewa shekaru suna taɓa ƙwaƙwalwa. Mai shekara saba'in yakan fi jikansa daɗewa kafin ya gane kan sabuwar waya, sunan tsohon abokin ciniki yakan maƙale masa ya ƙi fitowa sai bayan an tashi daga hira, kuma haɗa aiki biyu a lokaci ɗaya yakan yi masa nauyi. Amma tarin kalmominsa da sanin halin mutane da iya auna magana ba sa gushewa a lafiyayyen tsufa, shi ya sa ake kai wa dattawa rikicin aure da na iyakar gona, kuma shi ya sa ake cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Abin da likitoci ke kira cutar mantuwa wani abu ne daban, domin ita raguwar tunani ce da lissafi da magana da iya tsara al'amura, wadda ta kai ga mutum ya kasa tafiyar da harkokinsa na yau da kullum, kamar riƙon kuɗi da girki da sanin hanya da tsaftar jiki. Tsakanin lafiyayyen tsufa da wannan cuta akwai matakin da ake kira ƙaramin raunin tunani, inda gwaji ke nuna an samu koma baya amma mutum yana nan riƙe da kansa, kuma a nan ne kulawa ta fi amfani, domin wasu sukan tsaya a wannan mataki, wasu ma su farfaɗo idan aka gano musabbabin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa a duniya, sama da kashi 60 cikin 100 daga cikinsu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, kuma ana samun sababbin masu ita kusan miliyan 10 kowace shekara. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya fara bayyanawa a 1906, wanda ke tafe da taruwar wasu gurɓatattun sinadarai a cikin ƙwaƙwalwa, na biyu a yawa kuwa shi ne wanda lalacewar jijiyoyin jini ke jawowa. A tsofaffi da dama ana samun biyun a haɗe, kuma lalacewar jijiyoyin jini takan sa alamomin na farkon su fito da wuri, don haka ko wanda ya gaji haɗarin cutar Alzheimer yana da riba idan aka kula da jininsa.

Hawan jini, babban mai laifi

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin babban mutum ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar numfashi da kuzarin da jiki ke amfani da su, kuma ba ta da wani ajiyar kirki, sai abin da jini ya kawo mata a kowane bugun zuciya. Jinin yana isa can cikinta ne ta wasu jijiyoyi sirara ƙwarai, waɗanda idan suka shekara goma ko ashirin suna ɗaukar matsin da ya fi ƙarfinsu, bangonsu yakan yi kauri ya ƙandare, hanyar ta tsuke. Misalinta kamar lambun rani ne, wanda idan ƙananan hanyoyin ruwansa suka cushe, fangalin da ke can ƙarshe shi ke fara bushewa ko da rijiya tana cike. Abin da ke fara shan wahala shi ne zaruruwan da ke sada wani yanki na ƙwaƙwalwa da wani, kuma a wasu lokuta ƙaramar jijiya takan toshe gaba ɗaya ta kashe ɗan wurin da bai wuce ƙwayar wake ba, ba tare da hannu ko ƙafa ta shanye ba, har mai ciwon bai san an yi ba. Likitoci suna ganin irin wannan tabo a hoton ƙwaƙwalwar dattawa da yawa da ba su taɓa kwana a asibiti ba.

A irin wannan rauni ba lallai mantuwa ce ke fara zuwa ba, shi ya sa mutanen gida kan yi masa mummunar fassara. Ɗan kasuwar da a da yake haɗa lissafin buhu talatin a ka kafin yaron shagonsa ya ɗauko biro, sai a gan shi riƙe da kuɗi yana juya su ya kasa fitar da canji. Uwargidan da ke shirya abincin suna na mutum ɗari sai ta tsaya gaban murhu ta rasa abin da za ta fara ɗorawa. Tafiya takan koma ta gajerun taku da jan ƙafa, fitsari ya riƙa matsowa ba shiri, mai fara'a ya koma shiru ko ya zama mai saurin fushi. A gida sai a ce Baba ya sake hali, ko Inna ta faye son jiki, alhali abin da ya lalace shi ne saurin tunani da iya jera aiki daki-daki.

Idan babbar jijiya ce ta toshe ko ta fashe, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, har da na koyarwa da ke Kano da Zariya, aka wallafa sakamakonsa a 2018, ya nuna cewa kusan tara cikin goma na haɗarin shanyewar jiki a wannan yanki yana komawa ne ga hawan jini. Wani nazari da masana na Jami'ar Oxford suka wallafa a 2009 ya nuna kuma cewa kimanin ɗaya cikin goma na waɗanda ciwon ya buge karon farko sukan kamu da cutar mantuwa ba da daɗewa ba, adadin kuma yakan haura ɗaya cikin uku idan ciwon ya maimaita.

Hujja mafi kusa da gida daga Ibadan ta fito. Tun daga 1992 masana na Jami'ar Ibadan, ƙarƙashin marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun sannan Farfesa Adesola Ogunniyi, tare da Farfesa Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana, suka riƙa bin dattawan Yarbawa na unguwar Idikan da dattawan baƙar fata na birnin Indiyanapolis a Amurka, suna auna su da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na dattawan Ibadan ne ke kamuwa da cutar mantuwa, alhali a Indiyanapolis kashi 3.24 ne, wato fiye da ninki biyu, duk da cewa al'ummomin biyu suna da tushen kakanni a Afirka ta Yamma. Daga cikin bambance-bambancen da masu binciken suka lura da su akwai ƙarancin hawan jini da sukari da kitsen jini a tsakanin mutanen Ibadan, kuma daga baya suka nuna cewa a cikin dattawan Yarbawan ma, masu hawan jini sun fi sauran kamuwa. Labarin ya fi kusa da gargaɗi a kan albishir, domin waɗanda aka auna a wancan lokaci sun tashi ne da tafiyar ƙasa da aikin ƙarfi da abincin gida, alhali masu tsufa yanzu sun yi ƙuruciyarsu da babur da lemon kwalba da zaman shago, kuma ƙididdiga daban-daban suna nuna cewa kusan ɗaya cikin uku na manya a Najeriya yana da hawan jini.

Ko sauke jinin yana kare ƙwaƙwalwa? Gwajin SPRINT MIND da aka yi a Amurka kan mutane fiye da 9,000 masu shekara 50 zuwa sama ya kasa su gida biyu, aka nemi sauke lambar sama ta awon jinin wasu ƙasa da 120, ta sauran kuma ƙasa da 140. Sakamakon 2019 ya nuna cewa rukunin farko sun samu raguwar ƙaramin raunin tunani da kashi 19 cikin 100. Cikakkiyar cutar mantuwa ma ta ragu a cikinsu, sai dai ba ta kai yadda za a yanke hukunci a kanta ba, tun da an tsayar da gwajin kafin lokacinsa.

Matsalar ita ce hawan jini galibi ba ya ciwo, mutane kuwa sun saba da cewa jiki magayi ne, abin da bai faɗa ba babu shi. Mutum yakan karɓi maganin wata ɗaya, ya ji ciwon kai ya lafa, ya ce jininsa ya sauka, ya ninke katin asibiti ya tura ƙarƙashin katifa, ba zai sake nemansa ba sai ranar da baki ya karkace. Wasu ma ƙin farawa suke yi don tsoron kada jiki ya saba da ƙwaya, alhali ciwon ne ba ya tafiya, shi ya sa maganin ma ba a ajiye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda ke nan, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye a dunƙulen miya da yajin tsire da taliyar leda. Ga wanda ya tsufa tukuf kuwa, sauke jini fiye da kima yana kawo jiri da faɗuwa, don haka likita ne ke tsayar masa da ma'aunin da ya dace da shi.

Sukari: illar yawa da illar ƙaranci

Nazarce-nazarcen da aka tattara daga ƙasashe da dama sun nuna cewa mai ciwon sukari na manya ya fi wanda ba shi da shi haɗarin kamuwa da cutar mantuwa da kimanin kashi 60 cikin 100. Sukarin da ya daɗe yana yawo da yawa a cikin jini yana cin ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta hanyar da yake cin na ido da na ƙoda da na tafin ƙafa, kuma ciwon yakan zo da abokan tafiyarsa, wato hawan jini da kitsen jini da ƙiba, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Wannan sashen mutane da yawa sun sani. Wanda ba su sani ba, kuma ya fi gaggawar illa ga dattijo, shi ne faɗuwar sukari ƙasa da kima, wadda magani ke jawowa idan aka sha shi ba a ci abinci ba. Ƙwaƙwalwa da sukari take aiki, kuma idan awonsa ya yi ƙasa da 70 a na'urar gwaji ta gida, mutum yakan fara gumi da rawar jiki da yunwa, idan ya ci gaba da sauka sai maganarsa ta rikice, har ya kai ga suma. A tsoho gumin da rawar jikin ma ba lallai su bayyana ba, sai dai a ga yana magana ba kai. Wani bincike da aka yi kan dattawa masu sukari fiye da 16,000 a jihar Kalifoniya, aka wallafa a 2009, ya nuna cewa waɗanda faɗuwar sukari ta taɓa kai su asibiti sun fi kamuwa da cutar mantuwa daga baya, kuma haɗarin yana ƙaruwa da yawan maimaituwarta.

Daga nan abin yakan zama zagaye, domin wanda tunaninsa ya fara rauni shi ne zai sha ƙwayar safe ya manta ya sake sha, ko ya yi allurar insulin ya manta bai karya kumallo ba, faɗuwar sukarin kuma ta ƙara raunana shi. Tsofaffin magunguna irin su Daonil sun fi jawo wannan, musamman ga wanda ƙodarsa ta yi rauni, tun da maganin yakan daɗe bai fita daga jiki ba. Watan azumi yana buƙatar kulawa ta musamman a nan: dattijon da ya sha irin wannan magani da sahur ya wuni cikin zafin bazara yana iya rikicewa kafin la'asar, kuma ba ƙaramin aiki ba ne shawo kan wanda bai taɓa shan azumi ba tun balagarsa. Aikin malamai ne su bayyana masa sauƙin da shari'a ta yi wa marar lafiya da tsohon da ba ya iyawa, aikin 'ya'ya kuma shi ne su kai shi a gyara masa tsarin maganinsa tun cikin Sha'aban. Akwai kuma wani abu ƙarami mai sauƙin gyara: maganin metfomin, wanda yake mai kyau ne kuma mai araha, idan aka shekara da shekaru ana shan sa yakan rage sinadarin bitamin B12, ƙarancinsa kuwa yana kawo mantuwa da mutuwar yatsun ƙafa, kuma gwajin jini ɗaya ya isa a gano shi a cike giɓin.

Ƙoda da zuciya da huhu

Ƙodar da ta gaza takan bar dattin da ya kamata ya fita da fitsari yana taruwa a jini, ta kuma jawo ƙarancin jini, dukkansu suna dusashe tunani, kuma masu zuwa wankin ƙoda sun san irin nauyin kan da kan biyo bayan zama a kan na'ura. Wannan ba baƙon zance ba ne a wurare irin su Gashuwa da Nguru a jihar Yobe, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar jama'a. Zuciyar da ta raunana ba ta tura isasshen jini sama, wadda kuma bugunta ya rasa tsari takan haɗa gudajin jini su tafi su toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Huhun matar da ta shekara hamsin tana shaƙar hayaƙin icce a rufaffen madafi ba ya ba jini iska yadda ya kamata, haka ma mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa sau da yawa cikin barci yakan wayi gari da kai a cushe.

Kunne da ido da zaman kaɗaici

Ba kasafai ake lissafa nauyin kunne cikin cututtuka ba, alhali yana cikin manyan abubuwan da ke tafe da raunin tunani. Wanda ba ya ji sosai ƙwaƙwalwarsa tana ƙarar da ƙarfinta wajen haɗa guntayen magana, ba ta da sauran da za ta riƙe abin da aka faɗa, sannan kunyar yawan cewa "na'am?" takan janye shi daga majalisa, ya daina zaman ƙofar gida, har a wayi gari ba mai neman shawararsa. Gwajin ACHIEVE na Amurka, wanda aka wallafa a 2023, bai ga bambanci a kan dukkan mahalartansa ba, amma a cikin rukunin dattawan da suka fi fuskantar haɗari, na'urar ƙara ji ta rage saurin koma bayan tunani da kusan rabi cikin shekara uku. Wani lokaci ma abin da ke hana jin bai wuce dattin kunne da ya daskare ba. Yanar ido, wadda ake cirewa da ɗan gajeren aiki, ita ma takan raba tsoho da karatun Alƙur'aninsa da fuskokin jikokinsa.

Ciwon damuwa kuwa yana iya kwaikwayon cutar mantuwa har ya ruɗi mai dubawa. Matar da ta rasa mijin da suka shekara hamsin tare, 'ya'ya suka watse Abuja da Legas, aka bar ta a ɗakin ƙurya da rediyo, takan daina cin abinci sosai, barci ya ƙaurace mata, duk abin da aka tambaye ta ta ce ba ta sani ba. Wannan ciwo yana jin magani, kuma yana jin ziyara da hira da ba ta wani abin yi a gida. Ɗabi'ar ɗauke wa tsoho kowane aiki da sunan girmamawa, a hana shi zuwa gona ko kasuwa ko tsinkar zogale, tana fitowa ne daga kyakkyawar niyya, amma ƙwaƙwalwa da jikin da aka daina amfani da su sun fi saurin lalacewa.

Maganin da ke zama ciwo, da ruɗewar farat ɗaya

Mai cututtuka uku ko huɗu yakan tara magunguna shida ko bakwai daga hannu daban-daban, na asibiti da na kemis da na maƙwabcin da ya ce shi ma irin ciwonsa ke nan, ga kuma jiƙo da sassaƙe a gefe. Jikin tsoho kuwa ba ya fitar da magani da saurin na matashi, domin hanta da ƙoda sun rage aiki. Akwai rukunin magunguna da ke toshe aikin wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi wajen riƙe abu, kuma cikinsu akwai na mura da ƙaiƙayi irin su Piriton da Phenergan, waɗanda ake saya kamar alewa. Dattijon da dama fitsari ke yi masa wuyar fita, idan ya sha irin waɗannan yana iya ɗaurewa gaba ɗaya, mara ta cika, hankali ya tashi. Magungunan barci irin su Valium da Lexotan suna kawo mantuwa da tangaɗi da faɗuwa. Mafi muni shi ne haɗin ciwon jiki, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda ba suna ba takarda, wanda sau da yawa yana ɗauke da masu cin ƙoda da masu tayar da jini da sukari. Tun 1991 wani likitan Amurka mai suna Mark Beers ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi taka-tsantsan da su ga tsofaffi, ƙungiyar likitocin tsofaffi ta ƙasar tana sabunta shi har yau, kuma ya kamata a ce duk mai sayar da magani ya san abin da ke cikinsa. Abu mafi sauƙi da iyali za su yi shi ne su zuba duk abin da tsohonsu ke sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, su ajiye gaban likita, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Babban kuskuren da ke cin rai shi ne rashin bambance cutar mantuwa da ruɗewar farat ɗaya. Ta farkon a hankali take zuwa, cikin watanni da shekaru. Ta biyun cikin sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu take sauka: tsohon da jiya ya ja sallah yau bai san ɗakinsa ba, yana ganin mutanen da babu su, yana kiran matattu, da rana ya ɗan dawo daidai, da dare ya birkice, ko kuma ya yi lamo yana ta gyangyaɗi ba ya amsawa. Wannan alama ce ta cewa wani abu ya taso a jiki, kamar zazzaɓin cizon sauro ko ciwon huhu ko cutar mafitsara ko faɗuwar sukari ko sabon magani ko ƙarancin ruwa, wanda ya fi yawa a zafin Maris zuwa Mayu, tun da tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro. Sau da yawa jikin ma ba ya yin zafi. Masu cututtuka masu daɗewa sun fi kowa faɗawa cikin wannan ruɗewa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A gidaje da yawa fassarar farko ita ce iska ko sammu, sai a rufe ɗaki a tayar da hayaƙi a kan mai fama da numfashi, a kwana uku ana jira. Addu'a ba ta hana ɗaukar marar lafiya zuwa asibiti a ranar, kuma idan aka magance musabbabin da wuri da yawa sukan dawo hayyacinsu, alhali jinkiri yana iya barin rauni na dindindin ko ya kai ga rasa rai. Abin da ya fi ciwo shi ne tsohuwar da ba ta da gata, wadda surutan ruɗewarta ko yawon darenta kan sa a jefe ta da maita.

Uzurin talauci da iyakarsa

Mai ƙalubalantar wannan magana zai ce cutar mantuwa ba ta da magani, talaka kuwa da ƙyar yake cin abinci, balle sayen ƙwaya kowane wata. Akwai gaskiya a ciki. Har yau babu maganin da ke warkar da cutar Alzheimer, kuma sababbin alluran da Amurka ta amince da su a 2023 da 2024 ɗan rage gudunta kawai suke yi, ga tsada, ga buƙatar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa akai-akai. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa, mafi yawan dattawa kuma manoma ne da 'yan kasuwa da ba su da fansho. Kwamitin masana na mujallar Lancet, ƙarƙashin Farfesa Gill Livingston ta Landan, ya lissafa abubuwa 12 da ake iya gyarawa a 2020, ya ce suna da hannu a kimanin kashi 40 cikin 100 na cutar a duniya, a 2024 kuma ya mayar da su 14 da kashi 45, bayan ƙara kitsen jini da raunin ganin da ba a magance ba. Ma'anar wannan ita ce fiye da rabi yana wajen ikon kowa, don haka iyalin da suka yi iyakar ƙoƙarinsu cutar ta zo duk da haka ba su da laifi. Amma kusan rabi ba ƙaramin rabo ba ne, kuma kuɗin ƙwayar hawan jini na shekara bai kama ƙafar abin da ake kashewa kan wanda ya kwanta shekara biyar ba, ban da 'yar da za ta bar sana'arta ko jikar da za a cire daga makaranta don jinya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shekarun da suka fi muhimmanci ga ƙwaƙwalwar tsufa su ne daga arba'in zuwa sittin da biyar.

Nauyin bai tsaya kan iyali ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi tun 2012, Cibiyar Dattawa ta Ƙasa ta fara aiki a 2021, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta sanya tsofaffi cikin masu rauni da aka tanadar wa asusu na musamman, amma dattijon ƙauye ƙaramin asibitin unguwarsa ya sani, kuma can ne ya kamata a same shi da na'urar awon jini mai aiki da ta sukari da magani mai araha da ba ya yankewa. Gwajin tunani ma ba ya buƙatar manyan na'urori, sai dai a kula da irin wanda ake yi. Sanannen gwajin da aka ƙirƙira a Amurka a 1975 yana neman mutum ya karanta jimla ya rubuta wata ya kwafi zane da biro, abin da zai kayar da lafiyayyen tsohon da bai yi boko ba. Saboda haka ne masu binciken Ibadan, ciki har da Farfesa Olusegun Baiyewu, suka fito da gwajin da ake yi da tsinken ashana huɗu, inda mai dubawa zai jera su a wata siffa, dattijo ya kwaikwaya, daga baya a nemi ya tuna. Irin waɗannan gwaje-gwaje suna dogara ƙwarai da bayanin wanda ke zaune da tsohon kullum, kuma a nan ne al'adar gidaje ke kawo cikas, domin ɗan da ke biyan kuɗi shi ke shiga wurin likita, alhali suruka ko 'ya ko jikar da ta san ranar da aka fara zuba gishiri sau biyu a miya, ta san ƙwayar da aka sha da wadda aka tofar, tana gida. Ita ya kamata a tafi da ita, a kuma bar ta ta yi magana.